Kalangun da Ya Kusa Ja Mana Tsiya a Rabig

Kurayyat, Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Juma'a muka tashi a motar Usmanu ɗan Sudan, ni da Kawu Isyaku da ake kira Majajjawa, za mu Rabig inda wani kamfani ya gayyace mu wasa. Ku na gida, wasan sunansa sofbol. Ɗaya, wato Kawu, ya wulwula hannu ya saki ƙwallo ta ƙasa, wani na tsaye da kulki yana jiran bugu, ni kuma ina tsugune bayan mai kulkin ina cafewa. Ƙwallon tauri gare ta kamar goriba. Kawu ya koya ne yana sharar filin wani kamfani, da hannun da ya saba korar tsuntsu a gonar gero. Shekara talatin ke nan ana gayyatarsa gari-gari, ma'aikata su jeru ya kunyata su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ba wanda ya sani sai ni, yanar ido ta ci ƙarfinsa. Ba ya ganin safar hannuna. Sai na doke ta da dunƙule sau biyu, ya aika ƙwallo inda ya ji ƙarar. In ya kauce da taki ɗaya, kan ɗan mutane ne.

Tuwal

Bayan kusan kilomita ɗari muka yi sallah, muka karya da ful da tamis, wato wake da gurasa, na riyal goma sha biyu. A shingen gaba askari ya ce, "Iƙama," wato katin izinin zama. Kawu ya zaro katin asibiti ya miƙa da gadararsa. Na yi wuf na musanya. Usmanu ya tuntsire da dariya, wai tsufa. Ni ban yi dariya ba.

"Kawu, mu ce wa 'yan kamfanin kafaɗa ce ta motsa," na raɗa masa.

"Kai Hamisu, ka cika tsoro. Doki safarka kawai."

Rabig

Bakwai da rabi muka isa filin kamfanin. Mudir, wato manajansu, ɗan Filifin, ya tarbe mu da shayi, takwas daidai aka fara. Mutum uku na farko iska suka yi ta duka. Har na fara numfashi.

Sai ga 'yan uwanmu Hausawa masu aikin gini sun shigo, gabansu wani Sale da kalangu a hammata. Kun san halinmu, ba ma ganin namu yana cin baƙi mu yi shiru. Suka tsaya daidai ɓangaren da mai kulki yake, Sale ya saki kiɗa: "Majajjawa, ko tsuntsu ya san ka!"

Na doki safa, ni kaina ban ji ba. Na ga Kawu ya karkata kunne wajen kalangun. Kafin in ɗaga hannu ya saki. Ƙwallon ta ɗauke hular mai kulkin, wani ɗan Filifin da 'ya'yansa mata biyu ke zaune a bakin fili. Jama'a suka ɗauka gwaninta ce, suka ɓarke da tafi. Ni kuwa na ruga wurin Kawu.

"Na same shi?" ya raɗa min.

"Hularsa kawai."

"Inna lillahi."

"Halas, ya isa haka, Kawu. Ko mu tafi, ko in hana kiɗan nan."

"Ka hana makaɗi a gaban baƙi? Mutanen da suka bar hutun Juma'arsu dominmu?" Kawu ya juya wajen kalangun. "Kira shi. Ya tsuguna a bayanka, ya buga biyu-biyu."

Sale ya taho yana taƙama, an girmama shi. Ƙwallon farko da ta faɗa safata, kamu ɗaya daga hancinsa, sai da ya ambaci sunan mahaifiyarsa. Amma bai gudu ba. Ya buga, Kawu ya saki, tara a jere ba wadda ta kauce. A ƙarshe Kawu ya ɗaure ido da rawani kamar yadda ya saba, fili ya ruɗe da ihu. Ni kaɗai na san rawanin bai rage masa komai ba.

Komawa

Mun yi Juma'a a Rabig, aka ciyar da mu kifi da shinkafa, ƙarfe biyu muka kamo hanya. Da muka wuce Tuwal, Kawu ya juyo gare ni.

"Yaran nan da na ji suna kiran babansu, na wanda na cire wa hula ne?"

"Nasa ne. Su biyu."

Ya ɗora min ƙwallon a cinya. "Riƙe. Gobe ka kai ni wajen likitan ido. Usmanu, ka ji da kyau, ba tsufa ba ne. Ba na gani."

Usmanu ya kusa sakin sitiyari.

Huɗu da kwata muka shiga Kurayyat. Kawu ya fito ya dafa kafaɗata, karon farko a gaban mutanen unguwa, muka taka a hankali har ƙofa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu ba jinin kowa a hannunmu. Na gode wa Usmanu, na kuma gode wa Sale, wanda har yau yake ba da labarin ranar da aka zaunar da shi a wurin girma.