Inna Laraba, Wadda Ta Hana Ni Irina

Da sassafe Inna Laraba takan share harabar 'yar majami'ar da ke bayan unguwarmu a Filinge, ta cika randa, ta buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe. Masu ibada ranar Lahadi suke zuwa, ba su ma kai ashirin ba. Sauran kwana shidan ɗakin namu ne, mu Musulmin unguwa. Mata su yi ɗinki a ciki, baƙin ƙauye su sha ruwa su huta. Haka ta yi shekara ashirin da shida.

Amma iri ne ya sa na ɗauki alƙalami. Daɓen ɗakin na siminti ne, gara ba ta shiga. Da kaka manoma, har daga Tabla, sukan kawo zangarniyar hatsin da suka ware don shuka, ta jera a bayan bencuna, kowa da ƙyallen da ya ɗaura wa nasa. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ya fita sai ruwa ya sauka.

Shekarar da fara ta cinye gonata, rumbuna ya ƙare tun bazara. Na je mata da buhu.

"Inna, ba ni irina, ɗiya na kuka."

"Magagi, in kun ci shi yau, mi za ka shibka?"

"Ina ruwanki? Hatsinki ne?"

Sai ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. Wallahi na gaya mata maganar da ba a gaya wa sa'ar uwa, har na taɓo addininta, a gaban mata. Da la'asar matata Basiratu ta tarar da ƙwaryar hatsi a zaurenmu, daga rumbun Inna. Da ruwa ya sauka na shuka gonata, waɗanda suka cinye nasu irin suna kallo.

Ke ce, Inna, garkuwar iri. Kin yarda a zage ki don kada gonar wani ta kwana ba shuka.

Yanzu idon Inna ya gaza, ɗanta ya tafi da ita Yamai watan jiya. Wanda ya karɓi makulli mutumin kirki ne, amma zai iya ce wa mai yunwa a'a, sannan ya ciyar da shi? Ina bi ta ƙofar, ba mai kiran sunana. Kai, ina kewarta! Jama'a, duk mai ɗaki da inuwa ya buɗe wa maƙwabta kamar yadda ta yi.

Shekara tara tun daga ranar da na zage ki ina gaishe ki kullum, ban taɓa neman gafararki ba. Ranar da kika tafi na raka ki tasha da niyyar in nema, bakina ya yi nauyi har mota ta tashi. Ki sa ɗanki ya karanta miki wannan, Inna. Na gode. Ki yafe mini.