Simintin da Na Shafe wa Baba Tsakar Gida

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabi'u, a ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta. Allah Ya jiƙansa. Har gobe ban yafe wa kaina simintin nan ba.

A shekarun da fari ya hana mu sakat ciwon ya kama shi. Hannu ya fara rawa, sannan ƙafa. Sai ya zo tsakar gida ya kafe kamar an dasa shi, a yi ta ja ya ƙi motsi. Amma kai shi gona ka ga ikon Allah: kunya bayan kunya yake tsallakewa, ko sanda ba ya nema. Ni da bakina na ce wa Inna, mahaifiyarmu, shagwaɓar tsufa ce kawai. Ya ji ni sarai, ya shanye.

Ga kuma baƙinsa. Da la'asar sakaliya sai ya dubi gindin rumbu ya ce, "A ba su tabarma mana, tun ɗazu suke tsaye." Alhali ba kowa a wurin. Wai gajeru ne, ba sa magana, kallonsa kawai suke yi. Sai aka shiga yi masa hayaƙi da rubutu.

Da ya faɗi sau biyu, na sayar da tunkiyata na sayi siminti na shafe tsakar gidan sumul, wai kada ya yi tuntuɓe. Gyaran gangar Auzinawa! Daga ranar bai ƙara kai kansa zaure da ƙafarsa ba.

Sai bara wani likita a Kano ya warware mini. Ciwon yana taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar abin da ido ya gani. Kunyar gona ce ke nuna wa ƙafarsa inda za ta sauka, baƙin ma ciwon ne ke kawo su. Da layi-layi na ja masa da gawayi a kan simintin kamar kunya, da ya yi tafiyarsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau an yanka gonar filoti-filoti, gidajen duk tayil. Da zai dawo, ina zai sa ƙafa?

Gonar ta tafi, haƙurinsa ne ya rage mini abin tunawa, kuma zan buƙace shi. Ban faɗa wa kowa abin da ya kai ni wurin likitan ba: babban yatsana ne ya fara rawa. Na tanadi gawayi. Tabarmar ma na ajiye ta kusa da rumbu.