Barmo Matalo da Ɗan Ƙanensa

A Azarori ba wanda ya taɓa ganin teku sai Barmo. Yana saurayi Faransawa suka ɗebe shi soji, suka kai shi Dakar, ya yi shekara goma sha biyu a ɗakin injin wani jirgin yaƙi. Da ya dawo sai aka laƙaba masa Matalo, wato sojan ruwa. Ya zo da kunne ɗaya a toshe, da lambar girma, da wata hula mai jan tuntu. Ya auri Jima, suka haifi ɗiya guda, Zara.

Zara ba ta tuna ranar da ubanta ya tafi cin rani. Idan maza suka nufi kudu bayan kaka, shi sai ya zauna yana ban ruwan albasa. Yakan ce ya yi tafiyar da ta ishe shi.

Shekara tara kafin rasuwarsa, ɓarin jikin Jima ya shanye. Zara na aure a Bangi. Barmo ya ɗaura zane bisa wando ya shiga madafa. Shi ke dama mata fura, shi ke yi mata wanka, ya wanke zannuwan da ta ɓata ya shanya su a tsakar gida. Ƙanensa Alƙasim ya daina cin abinci a gidan. Ɗan Alƙasim kuwa, Rabo, idan ya zo gaisuwa, a ƙofar gida yake tsayawa da hannun riga a hanci. A kasuwa Zara ta taɓa jinsa da kunnenta yana ba abokai dariya, wai teku ta mayar da baffansa mace.

Barmo ya rasu farkon 1993, ana tsakiyar neman ƙuri'a, Rabo kuma na takarar dipite, wato ɗan majalisa. Ranar addu'ar bakwai ya iso da motoci biyu da lasifika. Ya tsaya gaban jama'a yana share ido da hankici, yana cewa a hannun wannan gwarzo ya tashi, shi ya koya masa son ƙasa. Har ya ce marigayin ya yi yaƙi cikin hamada. Mutanensa suka cinye tuwon sadaka tun malamai ba su shafa fatiha ba.

Zara na bayan darni tana ji, har ta tashi ta koma wurin uwarta. Sai ga Rabo ya leƙo ɗakin da Jima ke kwance, karo na farko cikin shekara tara. Bai dubi gadon ba. Kai tsaye ya nufi akwatin ƙarfen mamacin, ya ciro hular da lambar.

"Mi za ka yi da su?" in ji Zara.

"Tarihi na, ƙanwata. Jama'a ya kamata su gani."

"Ga matatai nan kwance. Ka gaishe ta."

Ya ce, "Sannu, Inna," yana riƙe numfashi, ya fice.

Ranar kasuwar Bangi Zara ta gan shi a bayan mota, hular ubanta a kansa, ta yi masa kaɗan, maroƙa na yi masa kirarin jinin mazan teku. Ta tofar da yawu, ta koma gida ba ta sayi gishirin da ta fito saye ba.

Rabo ya faɗi zaɓe. Zara ta aika a karɓo kayan har sau biyu, ya ce sun ɓace a hayaniyar taro. Ba ta sake aikawa ba, ba ta kuma sake taka gidan Alƙasim ba, ko da suna ko da biki. Ta ɗauko uwarta a amalanken jaki zuwa Bangi. Jima ta ƙara damina biyu a wurinta.