Makullin Ƙofar Ruwa a Ƙasar Bunkure

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Zariya, mu uku a tsohuwar motar ofishinmu na lauyoyi, ni na rungume jaka kamar jariri. Hukuncin Kotun Ƙoli ne a ciki. Shekara da shekaru wani dattijo manomin rani yana shari'a da wani babban ɗan siyasa da ya ƙwace masa gona a bakin kanal. A ƙarshe alƙalai suka ba shi gaskiya, duk da matsin lambar da aka ce sun sha.

Kafin mu kai Kura ramuka sun gama kaɗa mana hanji. Nan muka karya da shayi da gurasa. A Kadawa kuwa tumatir ne jibge a bakin titi, ya yi arahar da kwandon ma ya fi abin da ke cikinsa daraja.

Da hantsi muka iske dattijon tsugune gaban irinsa. Tun da ya ji labarin nasara ya yafa iri, ga shi ya isa dashe, in gonar ba ta sha ruwa cikin kwana uku ba, noman bana ya wuce shi. Na fassara masa hukuncin, ya yi hamdala, sannan ya ja mu zuwa ƙofar ruwan da ke shayar da gonar. Ƙaton kwaɗo ne a jikinta.

Mai tsaron ƙofar ya karɓi takardar da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya maido mini cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ba ni makullin nan ba alƙali ba ne."

Raina ya yi mugun ɓaci. Muka je wurin shugabansa, aka ce yana taro. Na gaba da shi ya ce yana jiran umarni daga sama. Wallahi wannan "sama" ta ishe ni, kowa ka taɓa sai ya nuna maka ita da baki. Ɗaya daga abokan tafiyata ya yi ta zuba Turanci har yawunsa ya ƙafe, ruwa kuwa yana ta wucewa abinsa zuwa gonakin mai gidan nasu, wato ɗan siyasar nan.

Da la'asar muka koma wurin dattijon hannu rabbana. Ya tambaye ni ko akwai kotun da ta fi wannan, mu kai ƙara can. Na ce babu, daga ita sai Allah. Ya ɗauki bokiti biyu ya gangara kanal.

Mun shigo Kano da magariba. Tafiyar nan ta koya mini cewa alƙali zai iya yin ta maza ya faɗi gaskiya, amma makulli yana aljihun mai mulki. Da na isa gida iyali suka tare ni da barka, wai mun ci shari'a, na ajiye jakar hukuncin na shige ɗaki.