Jan Ƙyallen da Ya Ja Mini Asara

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da surukina ya yi mini gayya.

Gonarmu ta gado a Tudun Kaya ta koma fili fetal, babu ko inuwar da mutum zai zauna ya sha fura. Sai ni da maiɗakina muka yanke shawara saboda 'ya'yanmu uku: duk tsiron ɗorawa, kaɗanya ko gawo da ya fito da kansa, ba za mu sare shi ba. Ita ma ta rage itacen girki ta koma kara. Don kada a yi kuskure wajen noma, ta yayyaga wani tsohon zanenta ja, na bi kowane tsiro na ɗaura masa. Shekara uku ina rainonsu, wasu har sun kai kafaɗata. Ban faɗa wa kowa ba, don ina gudun a ce na fara noman daji.

Daidai lokacin sharar gona zazzaɓi ya kwantar da ni. Ranar da na samu na miƙe, sai ga surukina, mahaifin maiɗakina, daga Beli, baki har kunne. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Taso mu je ka ga abin arziki."

Na kuwa gani. Gona tas kamar an lashe ta, ga toka tsibi-tsibi.

"Mutum goma sha biyu na kawo," in ji shi. "Amma ɗana, ka riƙe addu'a. Wani maƙiyi ne ya ɗaɗɗaure maka gona da jan ƙyalle, shi ya sa ka kwanta! Da hannuna na ƙona su, ko ɗaya ban bari ba."

Wallahi ji na yi zazzaɓin ya dawo sabo. Suruki ne, ta ina zan fara? Ga shi kuma yana tsaye yana jiran godiya. Haka na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Da muka koma gida, sai na sauke wa maiɗakina fushin. Ko ɗar ba ta yi ba. "Maigida, zanena ne fa aka ƙona a matsayin sammu," ta ce. "Kai da ka ɓoye abin kirki kamar kayan sata, wa za ka zarga?" Ita ta je ta warware wa mahaifinta komai.

Da ruwa ya sauka, wasu kututturan suka sake toho, da yawa kuwa sun tafi ke nan. Tsohon ya zo da kansa ya ɗaura musu farin ƙyalle, ya bi maƙwabtan gona ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Itatuwan jikokina ne, kowa ya kiyaye."

Har yau in na tuna shekaru ukun nan raina yakan ɓaci. Amma na koyi cewa bishiyar da ka raina a ɓoye, masoyinka ma zai iya sare ta, kuma dole ka yi masa godiya.