Zangarniya Biyar a Hanyar Tahoua

Ranar wata Lahadi ce, saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka, a shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na fara taka garin Tahoua. Motar da ta ɗauko mu daga Takanamat ta sauke mu a tasha da hantsi, ni da Inna Zali, kakata ta wajen uba. Ƙafafuna sun sage saboda zama a kan buhu, a ƙirjina kuma na rungume wani dogon ƙunshi na tsohon zane da aka ɗaure da igiyar kaba. Zangarniyar gero ce guda biyar a ciki, kuma a wannan shekara babu abin da ya fi su daraja a gidanmu.

Irin kakanmu marigayi ne, gero mai doguwar zangarniya da ke nuna da wuri. Duk kaka shi da kansa yake zagaya gona ya zaɓi waɗanda suka fi cika ido, a rataye su daban, ba a ci, ba a sayarwa. Cikin hidimar wannan gero muka tashi. Da sassafe mu kora jakuna rijiya, mu dawo mu wuce gona muna kaɗa gwangwani don korar tsuntsaye, da yamma a yi sussuka a tsakar gida muna carafke a gefe har a kira mu shiƙa. Sai damina ta yanke shekara biyu a jere. Maza suka tafi bida, neman kuɗi a wasu ƙasashe, rumbu ya koma fayau, abin da ya rage na iri shi ne waɗannan biyar da Inna ta ɓoye a rufin ɗakinta inda hayaƙi ke korar ƙwari. Aka yanke shawarar a kai wa Gwaggo Hassu, ƙanwar babana da ke aure a ƙetaren iyaka, gaba da Ƙonni, inda ruwa ya fi zama. Mijinta zai shuka, in ya yi albarka a maido mana. In kuwa biyar ɗin nan suka salwanta, irin kakanmu ya ƙare ke nan. Ni aka haɗa da Inna saboda idonta ya yi rauni, ni kuma ina iya karanta allon mota.

Tun a hanya Inna take ta yi mini karatun tafiya, ita da ta je Sakkwato sau biyu amma take magana kamar ta zagaye duniya. "Ki ci inda direbobi ka ci, su sun san tukunya mai tsabta." "In kin iske masu kaki, ki riga su gaisuwa, ki kwance kayanki da hannunki." Duk na haddace. Abu ɗaya ne ba ta faɗa mini ba, don bai zo mata a rai ba. A garinmu, in aka miƙa wa yaro abinci a gidan mutane, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. A sake tayi, ya sake ƙi. Sai a na uku, an haɗa da ɗan faɗa, zai wanke hannu. Wanda ya karɓa tun a na farko, sunansa mai kwaɗayi, har a dandalin gaɗa sai an sa shi a waƙa. Ni kuwa a wannan fanni babu wadda ta fi ni, ina ma taƙama da abin.

Motar Ƙonni ba ta cika ba, sai Inna ta ja ni kallon gari. Na ga gidan bene na tsaya ina neman inda tsaninsa yake. Na ga raƙuma a durƙushe a kasuwar dabbobi, Buzaye sun baje cuku a kan tabarma, albasa tsibi-tsibi ta fi ni tsawo. Wata mata ta murɗa famfo ruwa ya zubo ba guga ba igiya, na saki baki har mai amalanke ya kusa ture ni. Da rana ta take muka shiga rumfar wata mai abinci a bakin tasha, direbobi sun cika benci. Ƙamshin shinkafa da miyar nama ya bugi hancina, rabona da shinkafa tun Sallah. Matar ta dube ni da ludayi a hannu ta ce, "Ɗiyata, a zuba miki?" Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi. Ta juya ga na gaba. Na zauna ina jiran tayi na biyu, har yau bai zo ba. Inna kuwa ta gamu da wata tsohuwar ƙawarta 'yar Bambeye, suna ta lissafa waɗanda suka rasu, ta ɗauka jirin mota ne ya hana ni ci.

Da Inna ta tafi sallar azahar ta bar ni a gindin bishiya da ƙunshin, cikina har kuka yake. Na ce bari in murza ƙwaya kaɗan daga ƙasan zangarniya ɗaya, ba wanda zai gane. Na murza a tafin hannu, na hure, na watsa a baki. Na ƙara. Ban san lokacin da na gama da ta biyu na shiga ta uku ba. Da na hango ta tafe na ɗaure igiyar da sauri, bakina cike da garɗin gero.

A mafitar gari motarmu ta tsaya a shingen 'yan duwan, wato kwastan, domin a lokacin ana tsare hatsi kada a fitar da shi daga ƙasa. Wani dogon jami'i ya leƙo yana duba kaya. Inna ta riga shi gaisuwa, ta tambayi iyalinsa da gajiyar aiki, sannan ta karɓi ƙunshin ta ce, "Ɗana, iri na, ba na saidawa ba. Biyat ta, duba da idonka." Ta kwance a gaban kowa. Biyu sun zama tsirara, ta uku ta rage rabi. Ta bi su da yatsa tana shafawa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokaci ba, na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Ba ta buge ni ba, da ma ta buge ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ramatu, yunwa kinka ji, ba ki hwaɗa min ba?"

Jami'in ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa cikin shessheƙa. Ya yi dariya, amma ba ta wulaƙanci ba, ya ce shi ɗan Kalfu ne, ranar da ya fara zuwa birni da yunwa ya wuni saboda wannan hali. Ya yago takarda, ya karkaɗe zanen a kai, ya tsince ƙwayoyin da suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ya damƙa wa Inna. Sannan ya ɗauko burodinsa ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ya sake miƙowa, na girgiza kai. Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Amshi, ko in tsare motag ga har gobe." Na karɓa, fasinjoji suna ta dariya, har Inna ta murmusa tana share ido.

Biyu da rabi da ƙunshin takarda muka kai wa Gwaggo Hassu. Bayan damina biyu mijinta ya aiko mana da damin gero, irin kakanmu ya koma gonarsa, kuma har yanzu shi ƙannena ke shukawa. Inna ba ta ga wannan dami ba, ta rasu ana saura wata guda ya iso.

Yanzu a Tahoua nake zaune, hanyar Ƙonni kuma na bi ta ba adadi. 'Ya'yana kan shiga gidan abinci su faɗi abin da suke so kai tsaye, har su nemi ƙari, kuma ina jin daɗin haka, don ba na so ɗayansu ya wuni da yunwa saboda kunya. Amma duk lokacin da na ga yarinyar ƙauye a bakin tasha ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi, sai in ji kewar gida ta taso mini, in matsa kusa da ita da kwanona. Ba na tashi sai na tambaye ta sau uku.