Ranar da Aka Tura Turmai

Lokacin da na yi wayo a unguwar Ainu Shams da ke Alƙahira, wajajen 2013, wutar lantarki ba ta zama. Da an ɗauke bayan magariba, sai Kaka ta fito da kaskon gawayinta baranda ta ɗora shayi, ni da ƙanwata Zainabu mu tsugunna a gabanta. Mahaifiyar babanmu ce, 'yar Katsina. Tun tana amarya ta biyo kakanmu Alƙahira da ya zo karatu, ba ta sake komawa ba.

Wata rana Zainabu ta tambaye ta wane irin jirgi ne tsohon nan da muke gani yana jan jiki a tsakiyar titi.

"Turmai ke nan," in ji Kaka. "Ba ya shan mai. Ƙarfen da ke kan rufinsa ke lasar wayar sama ya sha wuta, ƙafafunsa kuma ba sa barin dogo. Kada ku raina shi, a cikinsa babanku ya kusa faɗowa duniya."

Ta ce naƙuda ta kama ta da rana tsaka, kakanmu yana makaranta. Maƙwabciyarta Bamisira, Ummu Sa'id, ta riƙo ta suka hau turmai. Saura kaɗan su isa asibiti wuta ta ɗauke, ya tsaya cak. Babu mota kusa, ga jini ya ɓalle mata. Mai yankan tikiti ya leƙo ya ga halin da ake ciki, ya daka tsawa, "Yalla, maza ku sauka!" Masu kwat da masu jallabiya duk suka dira. Direba ya saki birki, suka sa kafaɗa suna salati, mata kuma suka kare ta da mayafansu. Haka aka gangara da shi har bakin asibiti.

"Larabcina a lokacin bai wuce sallama ba," ta ce. "Ba kuma wanda ya tambayi 'yar ina ce."

Mu dai dariya muka yi ta yi, muna hango Baba jariri a ƙarƙashin kujera. Da aka zo tone dogon ana faɗaɗa titi, na ɗauka za ta damu. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, ai ƙarfe ne."

Sai bara da na haihu, na ji abin da ake ji, na gane jinin da Kaka ta ambata a gurguje ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu in na idar da salla ina sa mutanen nan a addu'a, ko da yake ita kanta ba ta san sunan ko ɗaya ba.